Yadda Mutaru Tela Ya Kori Aboabo

A unguwar Aboabo ta Kumasi, a farkon shekarar 1970, akwai wani tela da ake kira Mutaru. Ɗinki dai ya iya daidai gwargwado, in za ka yi haƙuri da hannun riga ɗaya ya ɗara ɗaya tsawo. Inda ya fi ƙwarewa shi ne silima. A faɗarsa, ba a taɓa haska fim a garin nan ba sai ya san ƙarshensa tun kafin a kashe fitilu. Turanci kuwa, cewa yake har Turawan in sun rikice shi suke nema.

Kullum da safe majalisa na haɗuwa a bencin Mma Adizatu mai koko da ƙosai. A kwanakin nan magana ɗaya ce ke raba bencin gida biyu, maganar wani Bature mai shirya finafinan kisa da ban tsoro. Sunansa ya gagari harshen kowa, sai aka laƙaba masa Mai Ƙofa, don ba ya yin fim sai an ga wata ƙofa tana buɗewa a hankali. Masu sonsa suna sonsa kamar su yi masa kirari. Masu ƙinsa kuwa ko sunan ba sa son ji. Mutaru ne shugaban masu so. Shugaban masu ƙi shi ne Alhaji Kimba, dillalin goro, mutumin Dosso, wanda ya shekara talatin a Kumasi, ya yi ƙiba har sai da Mma Adizatu ta sa aka ƙara wa bencin ƙafa.

"Ni in na sayi tikiti, duka nake so in gani," in ji Alhaji Kimba wata safiya. "In ga doki, in ga rawa, in ga an mari wani. Wannan mutum ya zaunar da ni awa biyu ina kallon ƙofa. Gidana ƙofa goma sha ɗaya ne, kyauta nake kallonsu."

"Alhaji, ba ka gane ba ne," in ji Mutaru. "Ba abin da ka gani ne fim ba. Abin da kake jira ka gani shi ne fim."

"To ai sai in zauna a tasha in jira motar Tamale, shi ma fim ne. Wancan na watan jiya, mace ta hau bene, mataki ashirin da bakwai, na ƙirga. Ba kiɗa, ba waƙa. Ta kai sama, me ta tarar? Kyanwa."

"Kyanwar ita ce hikimar! Ka faɗi gaskiya, zuciyarka ba ta buga ba?"

"Ta buga mana. Da ba ta buga ba ai da kun ci shinkafar sadakata."

Bencin ya kwashe da dariya. Bawah direban tasi, wanda ba ya goyon bayan kowa amma ba ya son rigima ta mutu, ya tsoma ƙosai a koko ya ce, "Ai abin mai sauƙi ne. Ranar Asabar da rana za a haska sabon na Mai Ƙofa. Mu tafi gaba ɗaya. Malam Mutaru ya riƙa fassara wa Alhaji, wataƙila Turancin ne ke hana shi jin daɗi."

"Fassara kawai?" in ji Mutaru. "Kafin a yi minti goma zan nuna muku mai kisan da yatsa."

Ranar Asabar suka cika layi guda a silima, Mutaru a tsakiya, Alhaji a damarsa. Aka kashe fitilu. Fim ya buɗe da wani babban gida, an tsinci gawar maigidan a ƙasan bene. Wani mai gemu ya shigo yana magana.

"Me ya ce?" in ji Bawah.

"Cewa ya yi sannu da gida," in ji Mutaru. "Amma ku dubi idonsa. Shi ne ya yi kisan. Na gama fim."

Ba a yi minti biyar ba aka buɗe kabad, mai gemu ya faɗo daga ciki, matacce.

"Dama na sani," in ji Mutaru. "Gwada ku na yi. Matar gidan ce."

Matar gidan ta leƙa taga, wani hannu ya turo ta, ta faɗo ƙasa.

"Likitan ne!"

Likita ya kurɓi shayi, ya dafe wuya, ya kife a kan tebur.

Wani mutum daga layin baya ya taɓa kafaɗar Mutaru ya ce, "Malam, don girman Allah kada ka ambaci yarinyar nan mai farar riga. Tana da kirki, ba ta yi wa kowa komai ba."

Mutaru ya yi kamar bai ji ba. Da wani tsoho mai ban ruwan furanni ya gifta, sai ya ce, "Wannan dai bawan Allah ne, ku bar shi." Can kusa da ƙarshe aka nuno ƙofar. Ta fara buɗewa kaɗan-kaɗan. A ƙarƙashinta aka ga inuwar takalma biyu. Da ta ƙarasa buɗewa, sai ga tsohon nan mai furanni da almakashi a hannu. Mutaru ya saki ihu, ya cafke hannun Alhaji Kimba da hannu biyu. Alhaji ya farka firgigit, don tun faɗuwar mai gemu yake minshari.

"An tashi?" ya ce.

A waje, Mutaru ya ce da gangan ya ɓatar da su don kada ya lalata musu daɗin fim, ihun kuma na jinjina ne. Alhaji ya yi miƙa ya ce, "Wallahi na gode wa Mai Ƙofa. Tun da aka kafa dokar baƙi ban yi barci mai daɗin wannan ba."

Nan dariyar ta ɗan rage, don maganar ba ta wasa ba ce. Wata uku ke nan da gwamnati ta ce duk baƙon da ba shi da takardar zama ya bar ƙasar. An ga manyan motoci sun kwashe maƙwabta da tabarminsu da tukwanensu, ɗakuna da yawa a Zango na rufe da kwaɗo. Waɗanda suka rage, har masu takarda irin Alhaji, da sun ji baƙuwar murya a ƙofar gida sai gabansu ya faɗi.

Amma Mutaru ba ya jin irin wannan shiru. Ya buga ƙirji a gaban jama'a ya ce, "Alhaji, ka ce ƙofa ba ta ba da tsoro? To ni, Mutaru, ba majigi, ba Bature, da rana tsaka, da ƙofa ɗaya kawai zan raba ka da kujerarka. In na kasa, na daina maganar silima a bencin Mma Adizatu har abada."

"In kuma ka raba ni da ita?"

"Kai ka daina."

"Na yarda. Ga sitona na goro, ba taga, duhu kamar silima. Ranar Lahadi ta sama bayan la'asar. Bawah ne alƙali."

Ran Litinin Mutaru ya rufe shago, ya sa Bawah ya kai shi unguwar Anloga wajen masu katako. Suka sami wani kafinta, Efo Kwami, yana goge wata ƙofa.

"Ƙofa nake so," in ji Mutaru, "mai kuka."

"Mai mene?"

"Mai kuka. In an buɗe ta ta ce ƙiiii."

Efo Kwami ya ajiye abin gugarsa. Hausarsa ta kasuwa ce, amma ta isa faɗa, kuma duk Musulmi Kramo yake kiransa. "Kramo, ni shekara ashirin ina yi ƙofa. Ƙofa na ba ya kuka. Wane mutum ya aiko ka ka zagi ni?"

"Ba zagi ba ne, sana'a ce. Ba ka da wata lalatacciya?"

"Lalatacce? A nan? Je ka wurin Kofi can, shi ne kayansa yana kuka, masu saye ma yana kuka."

Kofi kuwa da ya ji wanda ya turo su sai ya ɗauko guduma. Dole suka dawo wurin Efo Kwami, Mutaru ya sayi lafiyayyar ƙofa da katakon da ke riƙe ta, wadda ke buɗewa shiru kamar ana shafa mai. Ya ce ba komai, shi zai koya mata kuka.

Lungun gidan Mutaru mota ba ta shiga, sai suka sauke ƙofar a bakin titi. Mutaru ya ce sirri ne, kada magabta su gani, ya lulluɓe ta da farin yadin wani da ya kawo ɗinki. Ya ɗauki gaba a ka, Bawah ya ɗauki baya. Ba su yi taku ashirin ba masu zama a gindin bango suka miƙe suna salati. Mai wanki ya bar wanki, mai nama ya rufe tire, ladan ya fito yana gyara hula. Duk suka bi bayansu shiru.

"Wa ya rasu?" wani ya tambayi Bawah a hankali.

Bawah ya ce, "Tambayi na gaba."

Na gaba kuwa yadi ya rufe masa fuska, ba ya ganin komai sai ƙafafunsa. Jin takun jama'a a bayansa sai ya ɗauka labarin wasansa ne ya bazu, ya ƙara rangwaɗa. Haka suka shiga gida da mutum kusan arba'in. Matarsa Safura ta fito daga kicin, ta ga farin yadi, ta ga Bawah, ta ga ladan, ba ta ga mijinta ba. Ta ɗora hannu a ka ta kurma ihu, "Wayyo Baban Ajara! Da ƙafarsa ya fita da safe!"

"Da ita kuma na dawo," in ji wata murya daga ƙarƙashin yadin.

Rabin jama'a suka yi baya da gudu. Ladan ya yi ta maza ya yaye yadin. Ya dubi ƙofa, ya dubi Mutaru, ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "To, Allah ya jiƙan itacen." Ya juya ya fita.

Kwana huɗu Mutaru na fama da ƙofa a tsakar gida. Ya zuba wa ƙarafanta ruwan gishiri, ta yi shiru. Ya matsa lemon tsami, ta yi shiru. Ya cusa yashi, ya jiƙa ta da safe, ya shanya ta da rana, ya sake jiƙa ta. Ran Juma'a ta ɗan ce "ƙit," ya yi ta tsalle har ya taka ƙafar agwagwa.

Ya kuma aro kaya wurin wani maigadin kamfanin katako: manyan takalma irin na soja, doguwar baƙar rigar ruwa, da hula mai baki. Ran Asabar da hantsi ya ce bari ya gwada su a kan Safura. Tana daka sakwara, ta ba shi baya. Ya taho a hankali, ƙwas, ƙwas, ƙwas, ya tsaya har inuwarsa ta rufe turmin. Ya ja numfashi mai ƙarfi.

Safura ko waiwaye ba ta yi ba. Ta ce, "Baban Ajara, in ka gama, miƙo mini gishiri. In ka rage."

"Yaya aka yi kika san ni ne?"

"Shekara goma sha biyu ina jin wannan tafiya ta ƙafar hagu tana jan ƙasa. Ka cire kayan mutane, ka je ka ɗinka na Sallah. Mutum uku sun zo jiya."

"Ke ba ki san fim ba."

"Na san wanda zai ƙare da kuka dai."

Ran Lahadi tun da rana Mutaru ya je siton Alhaji. Siton na da ƙofa biyu, babba a bakin titi, ƙarama ta baya wadda ke fita lungu. Ya cire babbar, ya kafa tasa a wurin, ya buga ƙusoshi, ya tura ta da ƙyar ta rufu. Dabararsa ita ce jama'a su shiga ta baya su zauna cikin duhu suna fuskantar ƙofar. Hasken rana zai shigo ta ƙarƙashinta, su ga inuwar takalma, sannan ta buɗe a hankali tana kuka. Bai gaya wa kowa zancen kayan maigadi ba, ko Bawah.

Bayan la'asar sito ya cika. Masu son Mai Ƙofa a hagu, masu ƙinsa a dama, 'yan kallon rigima a kan huhunan goro. Alhaji Kimba ya sa aka kawo masa kujerarsa mai hannu, ya cusa kansa a ciki a sahun gaba, ya ɓare goro. Aka ja ƙofar baya. Duhu ya rufe, sai zaren haske ɗaya a ƙasan sabuwar ƙofa.

Aka jira. Aka ƙara jira.

"Ka ga irin abin," in ji Alhaji. "Har ya fara kama da na ubangidansa."

Sai aka ji taku daga titi. Ƙwas. Ƙwas. Ƙwas. Zaren hasken ya yanke wuri biyu. Manyan takalma ne, ba irin na tela ba. Masu dariya suka haɗiye dariyarsu.

A waje, Mutaru ya kama mariƙi ya tura a hankali. Ƙofa ba ta motsa ba. Ya ƙara ƙarfi. Ko gezau. Ruwan kwana huɗu ya kumbura katakon, gishiri ya cinye ƙarafan, ta kame kamar an gina ta da bango. Ya sa kafaɗa. Ya sa gwiwa. Zufa ta keto masa a cikin rigar ruwa. Ya ga in bai yi wani abu ba wasa zai lalace, sai ya yanke shawarar Bawah ya jawo ta daga ciki. Ya ƙwanƙwasa: ƙwan, ƙwan, ƙwan. Ba a amsa ba. Ya doka da takalmi: dam, dam, dam. Kuma don kada Hausa ta ɓata masa fim, sai ya kumbura murya ya daka tsawa da Turanci, "Ofin di do! Ofin!"

A ciki wani ya ce da siririyar murya, "Wannan ba Mutaru ba ne."

Wani ya ce, "Sun zo."

Kowa ya zabura. Mutum sittin suka nufi ƙofar da aka yi don mutum ɗaya. Huhunan goro suka kife, goro ya watsu, ana takawa ana zamewa ana tashi. Masu so da masu ƙi suka haɗu a bakin ƙofa ɗaya, ba mai tambayar ra'ayin wani. Suka ɓarke cikin lungu suna ihu, "Kame! Kame! Sun shigo Aboabo!"

Mutaru ya ji rugugi, ya zagayo ta gefe, ya ga bayan jama'a. Daɗi ya kama shi, amma sai ya tuna ƙofa ba ta buɗe ba tukuna, ba a ga ainihin gwanintar ba. Ya bi su yana kira, "Ku tsaya! Ku dawo! Ba a gama ba!" Ba wanda ya ji. Ya laluba aljihun rigar maigadi, ya ci karo da usur, ya ce madalla, ya sa a baki ya busa da iyakar ƙarfinsa.

Wannan usur shi ya ƙarasa unguwa. Masu dara suka watsar da dara. Wanzami ya bar mutum da rabin kai, mai rabin kan ya wuce wanzamin a guje. Mata suka suri yara suna rufe ƙofofi. Ragunan layya da aka ɗaure a bakin masallaci suka tsinke igiya suka shiga cikin gudun. Duk wanda ya waiwaya sai ya hango dogon mutum da baƙar riga da hula da takalman soja yana busa usur, sai ya ƙara mai.

Mutaru ya sha kwana ya yi karo da wani mai keke da ya faɗi, mutumin bai ko ɗaga kai ba yana cewa, "Ku gudu, da mota uku suka zo, sun kama Alhaji Kimba!"

Usur ya faɗo daga bakin Mutaru. Mota uku? Ashe na gaske ne suka zo ana tsakiyar wasa! Shi kuwa duk cika bakin da yake yi cewa a Kumasi aka haife shi, ba shi da ko guntun takarda, mahaifinsa ma yau a ce mutumin Salaga ne ta nan cikin ƙasa, gobe a ce na Sakkwato. Ya tattare rigar ruwa ya zura da gudun da bai taɓa yi ba tun yana yaro. Ɗazu yana bin mutane ne a hankali, yanzu kuwa cim musu yake yi.

"Ku jira ni!" yake ihu. "Ku jira ni!"

"Ga shi nan! Ya matso!"

Wani ya haye bishiyar mangwaro. Wasu biyu suka faɗa kwata. Bawah alƙali ya shige ƙarƙashin tasinsa ya bar ƙafafu a waje. Mutaru na waiwaye yana neman masu kamen, bai ga kowa ba, wannan ya ƙara tsorata shi, don ya san a fim wanda ba a gani shi ne mugun.

Safura na wurin Mma Adizatu tana taya ta tace gasarar kokon gobe, gudu ya zo ya wuce su. Mma Adizatu ta miƙe za ta bi, Safura ta riƙe mata zane. Ta ƙura wa mai baƙar rigar ido, ta ga ƙafar hagu tana jan ƙasa.

"Mma, zauna," ta ce. "Ba ni wancan bencin."

Ta jawo bencin ta gitta shi a tsakiyar hanya. Mutaru ya taho yana kallon baya, ya yi tuntuɓe, ya tashi sama, ya sauka da ka a cikin babban bahon gasara. Hula ta yi gefe, takalmi ɗaya ya yi gaba shi kaɗai. Ya ɗago fari fat tun daga gira har ƙirji, yana tari yana cewa, "Ranka ya daɗe, a Kumasi aka haife ni, ga matata nan ku tambaye ta!"

"Ni ban san ka ba," in ji Safura. Ta ɗaga murya yadda duk layin zai ji. "Jama'a, ku fito ku ga mota ukun!"

Aka fara leƙowa ɗaya-ɗaya. Na kan mangwaro ya sauko. Na kwata suka fito. Bawah ya jawo jikinsa daga ƙarƙashin mota, ya zo ya tsaya a kan Mutaru ya daɗe yana kallo, sannan ya zauna a ƙasa ya riƙe ciki. Mma Adizatu ba ta yi dariya ba. Ta ɗauki ludayi ta ƙwala wa Mutaru a tsakar ka, ta ce, "Wannan na gasarata ne." Ta ƙara ɗaya. "Wannan na hawan jinina."

Mutaru ya share fuska, ya dubi taron, ya fahimci abin da ya faru. Maimakon kunya sai idonsa ya yi haske. Ya miƙe da takalmi ɗaya ya ce, "To kun gani! Ƙofar ma ba ta buɗe ba! Wa ya ce Mai Ƙofa bai iya ba? Ina Alhaji? Na ci!"

Aka shiga neman Alhaji Kimba. A bayan masallaci aka same shi, a tsakanin randunan alwala, takardar zamansa a cije a baki. Kujerar nan mai hannu tana manne da ƙugunsa. Da ita ya tashi, da ita ya fita ta ƙaramar ƙofa, ba wanda ya san ta yaya, da ita ya yi gudun layi uku. Mutum huɗu suka ɗauko shi a cikinta suka dire a gaban jama'a.

Bawah ya zagaya shi sau biyu, ya ja kujerar, ba ta fita ba. Ya gyara murya ya ce, "Sharaɗi shi ne a raba Alhaji da kujerarsa. Jama'a, an raba su?"

"Ba a raba ba!"

"Amma ya gudu!" in ji Mutaru.

Alhaji ya cire takarda daga baki, yana haki, ya ce, "Ban gudu ba. Wurin zama na canja, fim ɗin ba daɗi."

Ana cikin shewa mai unguwa ya iso, dattijo Malam Hussein, yana dogara sanda. Shi bai ga abin dariya ba. Ya ce a hanyarsa ya leƙa wani gida ya tarar da wata mata ta ƙulle kayanta a zane, ta zauna a kai tana jira a zo a tafi da ita. Ya ce akwai gidajen da har yanzu an danne ƙofa da turmi, yara na ƙarƙashin gado. Mutaru ya sunkuyar da kai, gasara na ɗiga daga haɓarsa.

"Kai ka shigar da su," in ji Malam Hussein, "kai za ka fito da su. Gida-gida, kafin magariba. Ba za ka wanke fuska ba."

Haka Mutaru ya kama hanya, takalmi ɗaya, rabin unguwa na biye da shi. Gidan farko ya ƙwanƙwasa, sai aka ji ana ƙara jawo kaya ana dannewa. Malam Hussein ya ce, "Ba ƙwanƙwasawa za ka yi ba. Faɗa musu ko kai wane ne, da abin da kake."

Mutaru ya ce, "Ni ne Mutaru tela. Ba kame ba ne. Wauta ce tawa. Ku fito."

"Ƙara murya."

Ya ƙara. Aka buɗe. Gida na biyu haka, na goma haka, har muryarsa ta dushe. Rana ta yi ja lokacin da suka iso gidan ƙarshe, ɗakin wata tsohuwa Mma Sala, wadda ta haura tamanin.

"Mma, ni ne Mutaru tela. Ba kame ba ne. Wauta ce tawa."

Daga ciki aka ce, "Wa?"

"Mutaru tela! Wauta ce tawa!"

"Me taka?"

"Wauta! Ni wawa ne, Mma! Wawa!"

"Ɗana, matso kusa, kunnen ba shi da kyau. Sake faɗa."

Ya manna baki a jikin katako ya faɗa har sau uku, jijiyar wuyansa kamar za ta tsinke. Sannan ƙofa ta buɗe da kanta, ashe ba a kulle take ba. Mma Sala na zaune a kan tabarma, ta miƙe ƙafa, tana tsince wake a faifai, ba alamar ta taɓa ɓuya.

Malam Hussein ya ce, "Mma, ashe ba ki ji shi ba tun farko?"

"Na ji shi tun yana gidan mai kifi," in ji tsohuwa. "Shekara biyu ke nan da ya lalata mini rigar Sallah ya ce jikina ne ya karkace. Ku bar shi ya ƙara ɗaya, sannan a kira salla."